MARAICE DA JIYA A BAKIN MUTANEN YUROK



Aikina a ƙofar dattijon unguwarmu shi ne rubutu. Shi yake faɗa, ni nake sawa a takarda. Shekaru da dama ke nan ina lura da wani ɗan ƙaramin abu a cikin wannan hidima: idan ya sa a kira taro, ba ya ambaton ƙarfe kaza. Cewa yake yi "da hantsi", ko "da la'asar sakaliya", ko "in an sauko daga isha'i". Ni kuwa in na zauna rubuta takardar gayyata sai in mayar da maganarsa lamba, domin na san da yawa daga masu karɓar takardar za su bugo waya su tambaye ni ƙarfe nawa ake nufi. Duk ranar da na yi haka nakan ji kamar na tauye wani abu daga maganar dattijo, amma na kasa sanin ko mene ne. Ban gane ba sai da karance-karance suka kai ni ga wata ƙaramar al'umma a can ƙurewar yammacin Amurka, wadda ake kira Yurok, da kuma kalmomin da suke kiran lokutan yini da su. A kansu nake so in yi magana yau. Ra'ayina a taƙaice shi ne: irin waɗannan ƙananan kalmomi, na safe da maraice da jiya da gobe, su ne numfashin harshe, kuma da su ya kamata a auna ko harshe yana raye.

Bari in fara gabatar da mutanen. Yurok suna cikin 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda Turawa suka tarar. Mazauninsu yana arewa maso yammacin jihar Kalifoniya, a gaɓar kogin Klamath daga inda kogin Trinity ya haɗu da shi, wajen garin Weitchpec, har zuwa Requa inda yake zuba cikin tekun Fasifik, da kuma wani yanki na bakin tekun. Ƙasa ce ta duwatsu da hazo da dogayen itatuwa masu jan katako, waɗanda da su suke gina gidaje da sassaƙa kwalekwale. Abincinsu na asali kifi ne, musamman wanda ake kira salmon, mai tasowa daga teku ya hau kogi don ya yi ƙwai. Ƙasar da gwamnati ta keɓe musu a yau siririya ce, mil ɗaya a kowane gefen kogin, tsawon kimanin mil 44 daga bakin teku. Mutanen da ke cikin rajistar ƙabilar sun haura 6,000, kuma ita ce mafi yawan jama'a a cikin ƙabilun asali na Kalifoniya.

Harshensu ma yana da labari. A shekarar 1913 masanin harshe Edward Sapir ya ce Yurok da maƙwabcinsa Wiyot 'yan uwa ne na nesa ga manyan harsunan Algonquian, irin su Cree da Ojibwe, waɗanda ake magana da su dubban kilomitoci daga can. An yi masa gardama mai zafi, sai a 1958 Mary Haas ta kawo hujjojin da suka sa masana suka sallama. Ga Bahaushe kuwa akwai abin sha'awa a furucinsa: suna da baƙaƙe masu fitowa da tsartuwar maƙogwaro irin namu na "ƙ", suna da hamza, kuma abin da suke rubutawa "ch" shi ne "c" ɗinmu na "ciki" da "cokali". Saboda haka kalmomin da zan kawo ba za su yi wa harshenmu nauyi ba kamar yadda ido zai zata.

Ga su nan kaɗan. Safiya suna ce mata koypoh. Dare nahschewen, daren jiya kuma nahschueh. Gobe 'owook. Maraice chmeyonen. Jiya chmeyaan.

Mai karatu, sake duba biyun ƙarshe. Maraice chmeyonen, jiya chmeyaan. Saiwarsu ɗaya ce, wato chmey. A bakin waɗannan mutane, ranar da ta wuce tana ɗauke da sunan maraice a jikinta. Tun da na ga wannan ban daina tunaninsa ba. Fahimtata, kuma tawa ce ni kaɗai, ita ce mutum yana tuna ranar da ta shige ne da ƙarshenta. Idan ka farka da safe, abu na ƙarshe da idonka ya gani na hasken duniya shi ne yammacin da ya gabata. Shi ne bakin iyaka tsakanin inda kake da inda ka fito. Don haka ba abin mamaki ba ne harshe ya ɗauki sunan wannan iyaka ya raɗa wa yinin gaba ɗaya.

Kuma ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. Wanda ya yi karatun Larabci ya san cewa "gadan", gobe, da "gadatu", sanyin safiya, daga tushe ɗaya suka fito, ya kuma ji yadda "amsi", jiya, ke kusa da "masa'u", maraice. A Rashanci ana ce wa maraice "vecher", jiya kuma "vchera". A Jamusanci kalma ɗaya ce, "morgen", take nufin safe da gobe, haka ma "mañana" a harshen Sifaniya. Al'ummomi daban-daban sun zo sun tsaya a kan tunani guda: gobe safiya ce da ba ta iso ba, jiya maraice ne da ya riga ya wuce.

Hausa kuwa wata hanya ta ɗauka. Mu mun ɗaure maraice ne da jiha. "Yamma" lokaci ne, "yamma" kuma wuri ne, inda rana take faɗuwa, kamar yadda "magrib" yake a Larabci sunan lokaci da sunan nahiya. Bahaushe yana tsaye a fili, sararin sama a buɗe, yana ganin rana daga fitowarta har faɗuwarta, sai ya auna duniya da gabas da yamma. Mutumin Yurok yana cikin kwazazzabon kogi mai lanƙwasa, duwatsu da itatuwa sun tsare shi dama da hagu. Shi ma'auninsa ruwa ne. Jihohinsa su ne pecheek, wajen da ruwa ke fitowa, da pueleek, wajen da ruwa ke gangarawa, sai kuma wajen kogi, da wajen tudu, da ƙetare. Suna kiran kansu Pueleekla', mutanen gangare. Sunan Yurok ɗin ma maƙwabtansu Karuk ne suka ba su, kuma a harshen Karuk ma'anarsa ke nan, gangaren kogi, kamar yadda sunan Karuk yake nufin saman kogi. Masanin da ake kira T. T. Waterman ya rubuta littafi sukutum a 1920 a kan yadda suke raba ƙasa da sunayen wurarensu. To, mutanen da ba su ɗauki mafaɗar rana a matsayin ginshiƙin jihohinsu ba, sai maraicensu ya sami wani abokin zama daban, wato jiya.

Wannan shi ne darasi na farko. Ƙamus zai gaya maka cewa yamma da masa'u da chmeyonen duk abu ɗaya ne. Gaskiya ne a sama-sama. Amma kowace a cikinsu tana da dangi a gidansu, kuma dangin nan su ne suke ba ta ɗanɗano. In ka ɗauko kalmar ka bar danginta, ka ɗauko baƙuwa ce.

Akwai wani abin kuma mai daɗin ji. Suna iya kiran wata da nahschewen hegoo, wato mai tafiyar dare, rana kuma mai tafiyar yini. Fitilun sama biyu matafiya ne a wurinsu, abin da ya raba su shi ne lokacin da kowanne yake kama hanya. Sa'annan a nahawunsu, aikatau ba ya sauya siffa don nuna lokaci yadda na Ingilishi ko na Larabci yake yi. Ƙananan kalmomi ake sawa a gabansa: "kee" ga abin da za a yi, "keetee" ga abin da ake dab da yi, "keech" ga abin da ya riga ya auku, "ho" ga abin da ya shuɗe. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin mu ma da "za" da "na" da "kan" muke tuƙa aikatau. Ma'ana, sanin lokaci a wannan harshe ya rataya ne a wuyan kalmomi 'yan mitsi-mitsi, irin waɗanda mai koyo yake saurin rainawa.

Darasi na biyu ya shafi agogo. Ƙasar Yurok tana sama da digiri 41 arewa da tsakiyar duniya. A watan Yuni yininsu yana kai kimanin awa 15, a watan Disamba kuwa ya dawo kimanin awa 9. Bayan faɗuwar rana ma haske yana daɗewa a can kafin duhu ya rufe, saɓanin ƙasashenmu na zafi inda almuru ke wucewa kamar ƙiftawar ido. Saboda haka ƙarfe shida na yamma a wurinsu, wani lokaci rana ce tsaye da sauran aiki a gaba, wani lokaci kuma dare ne ya riga ya yi. Babu lambar agogo da za ta iya zama fassarar chmeyonen a duk shekara. Kalmar tana tafiya da rana, tana miƙewa tana taƙurewa, lamba kuwa tana kafe wuri ɗaya. Mu da muka san yadda lokacin la'asar yake bin inuwa ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Kuma agogon kansa sabon shiga ne: kamfanonin jirgin ƙasa ne suka tsara wa Amurka lokutan bai ɗaya a watan Nuwamban 1883, har yau kuma a Kalifoniya ana tura agogo gaba da awa ɗaya a watan Maris, a dawo da shi baya a Nuwamba. Wanda ake iya turawa da yatsa sau biyu a shekara, ai bai kamata ya raina wanda ke bin rana ba.

Su kuwa waɗannan kalmomi, rayuwa ce ta cika su da ma'ana. Alfred Kroeber, wanda ya fara zuwa wurinsu tun 1900 ya kuma rubuta babban littafinsa a kan 'yan asalin Kalifoniya a 1925, ya bayyana cewa a al'adarsu ta dā sau biyu ake cin abinci a yini: ana fara aiki tukuna kafin a karya, na biyu kuma sai wajen faɗuwar rana. Maza suna kwana ne a wani ɗakin gumi da ake hura wa wuta, daban da gidan iyali. Lissafin watanninsu yana farawa daga lokacin da yini ya fi gajarta a tsakiyar hunturu, kuma yawancin watannin da lamba ake kiran su, na ɗaya, na biyu, na uku. Suna da wani biki da ake yi don neman lafiyar yaro, wanda ake raba dare ana yi, a daren ƙarshe har gari ya waye. A bakin kogi kuma, da sanyin hunturu, ana kamun wani dogon kifi mai kama da maciji da ƙugiya, sau da yawa cikin dare. Ka ga ke nan, idan tsohuwa ta ce chmeyonen, ba ta faɗi matsayin rana kawai ba. Ta faɗi cewa lokacin haɗuwar iyali a kan akushi ya yi, lokacin da masunta ke dawowa, lokacin da bakin manya ke buɗewa da labaran dā.

Yanzu sai mu zo kan yadda abin ya kusa salwanta. An gano zinariya a Kalifoniya a 1848, kuma zuwa 1850 mahaƙa sun kwararo yankin Klamath da Trinity. Kisa da cututtuka da ƙwacen ƙasa suka biyo baya. Kroeber ya ƙiyasta yawan Yurok kafin zuwan Turawa da kimanin 2,500. Zuwa 1910 abin da aka ƙirga bai wuce kimanin 700 ba. Bayan takobi sai makaranta. Gwamnati ta riƙa kwashe yara zuwa makarantun kwana, irin ta Hoopa da ke kusa, da Chemawa a jihar Oregon, da Sherman a kudancin Kalifoniya, inda ake hukunta yaro idan ya yi harshen gidansu.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani, domin nan ne zuciyar maganata. Makarantar jeka-ka-dawo tana karɓar safiyar yaro ne, ta dawo wa iyaye da maraicensa. Makarantar kwana irin waccan kuwa maraicen ta ƙwace. Ƙararrawa ce ke tashe shi, ƙararrawa ce ke kiran sa cin abinci, ƙararrawa ce ke kwantar da shi, duk da harshen baƙo. Lokacin da ya kamata ya zauna gaban kakarsa ya ji labari, yana kan layi ana ƙirga shi. Yaron da aka yi wa haka shekara biyar ko goma, ko da ya dawo yana tuna sunan kifi da sunan dutse, yininsa ya riga ya koma na wani harshe. Da Ingilishi zai san gari ya waye, da Ingilishi zai san dare ya yi. Ni a ganina ta nan harshe yake fara mutuwa. Manyan kalmomi na biki da tarihi suna iya daɗewa, domin ana ajiye su kamar rigar salla. Amma kalmomin lokutan yini rigar yau da kullum ce. Ranar da aka daina sa ta, an daina zama a cikin harshen, sai dai a riƙa kai masa ziyara.

Maƙwabtansu Wiyot sun ga ƙarshen wannan hanya: mai magana da harshen ta ƙarshe, Della Prince, ta rasu a 1962. Yurok sun fi su sa'a, kuma sa'ar tasu mutane ne suka yi ta da hannu. Tun farkon ƙarni na 20 Kroeber ya naɗi muryoyin tsofaffi a na'urar ɗaukar murya ta wancan zamani, mai zana sauti a jikin kaki. A 1916 wata mace daga cikinsu, Lucy Thompson, ta wallafa littafi a kan al'adun mutanenta da bakinta. A 1951 wani masani ɗan Ingila, R. H. Robins, ya zauna da masu harshen, musamman Florence Shaughnessy ta Requa, ya fitar da nahawu da ƙamus a 1958. A 2001 Andrew Garrett da Juliette Blevins suka kafa wani shiri a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya tattara waɗannan tsofaffin rubuce-rubuce da sababbin naɗe-naɗe ya zuba su a intanet, inda mai koyo zai nemi kalma ya ga jimlolin da ta fito a ciki, sau da yawa har ya ji muryar dattijon da ya furta ta. Ita kuma ƙabilar ta kafa nata sashen harshe, ta horar da malamai. A 2009 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba ƙabilu damar tantance malaman harsunansu don su koyar a makarantun gwamnati. A 2012 babbar sakandaren garin Eureka ta fara koyar da Yurok, bayan wasu makarantun yankin sun riga ta.

A watan Maris na 2013 Archie Thompson ya rasu yana da shekara 93. Shi ne aka sani a matsayin na ƙarshe cikin dattawan da suka tashi da harshen tun ƙuruciya suke kuma aikin koyar da shi. Shi ma ya ɗanɗani makarantar kwana, amma ya tsira da harshen ne saboda ya girma a hannun kakarsa. A farkon wannan shekarar jaridar Los Angeles Times ta kawo alƙaluman ƙabilar: fiye da mutum 300 masu matakin farko, 60 masu matsakaicin mataki, 37 da suka yi nisa, da 17 masu iya hira sosai. Dattijon bai tafi ya bar kango ba.

To, akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, kuma bai kamata a yi watsi da hujjarsu ba tare da saurare ba. Hujja ta farko ita ce ta ciki: mutum goma sha bakwai masu iya hira, me za su tsinana? Ba gara a koya wa yara abin da zai ba su aiki ba? Amsata ita ce yaran Yurok ba su rasa Ingilishi ba, kuma ba wanda ya ce su bar shi. Kan ɗan Adam ba tulu ba ne da za a ce in an zuba wannan sai an zubar da wancan. Mu da muke rayuwa da harshe uku ko huɗu a kasuwa ɗaya shaidu ne. Abin da aka ƙwace musu da ƙarfi suke karɓowa, kuma wanda aka yi wa fashi ba a tambayar sa ribar da zai samu in an dawo masa da kayansa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta fi damuna. Masu ita suna cewa harshen da aka koya a aji, daga bakin malamin da shi ma koyo ya yi, ba zai zama harshen kakanni ba. Zai zama Ingilishi ne da aka sa wa rigar Yurok. Yaro zai haddace cewa chmeyonen ita ce kalmar Ingilishi ta maraice, ya riƙa sa ta duk inda Bature zai sa tasa, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Wannan haɗari na gaske ne, ban musa ba. Ƙamus yana iya adana kalma da ma'anarta, amma iyakokinta, wato daga ina take farawa, a ina take miƙa wa nahschewen ragama, wannan ba a koyon sa sai a tsaye a bakin kogi tare da wanda ya sani, yana duban sama yana faɗa. Har gaisuwarsu da aka fi sani, aiy-ye-kwee', tana ɗauke da ma'anar kewa da marmarin wanda aka daɗe ba a gani ba. Wanda ya fassara ta da "sannu" kawai ya zubar da rabinta a hanya.

Sai dai ina ganin wannan hujja tana nuna inda za a ƙara himma ne, ba ta isa ta sa a ajiye aikin ba. Shi ya sa na fi jinjina wa masu naɗar jimloli cikakku a kan masu tara jerin kalmomi. Idan kana da jimla ashirin daga bakin tsofaffi daban-daban, kowace da kalmar maraice a ciki, ɗaya tana maganar dawowar masunta, ɗaya tana maganar hura wuta, ɗaya tana maganar isowar baƙo, to daga cikinsu za ka iya sake gano iyakokin kalmar, kamar yadda mai bin sawu yake gane girman dabba daga takunta. Kuma ko da harshen jikoki ya ɗan bambanta da na kakanni, wane harshe ne a duniya bai sauya ba? Hausar da muke yi yau cike take da asuba da azahar da la'asar da magariba, dukansu aro daga Larabci, suna zaune lafiya kusa da hantsi da maraice da jijjifi, ba wanda ya ce ta daina zama Hausa. Harshen da ya sauya yana da gobe. Wanda aka rufe a akwati don kada ya sauya, jiya kawai gare shi.

Abu na ƙarshe da ya ƙarfafa mini zuciya a kan lamarinsu shi ne kogin. A watan Satumban 2002 kifaye fiye da 30,000 suka mutu a ƙasan Klamath saboda ƙarancin ruwa da ɗuminsa da cutar da ta biyo baya. Yurok da maƙwabtansu suka shafe shekara ashirin suna fafutuka, har aka rushe madatsun ruwa huɗu da suka tare kogin, aikin da aka kammala a 2024. A cikin wannan shekarar aka ga kifin salmon ya haura zuwa wuraren da ya yi fiye da ƙarni bai taka ba. Me ya haɗa wannan da kalmar maraice? Abin da ya haɗa su shi ne kalma tana bin aiki. In akwai kifi, akwai fita da sassafe, akwai dawowa da yamma, akwai zaman gyaran kifi da shanya shi a hayaƙi, akwai dattijo da yaro a cikin kwalekwale ɗaya. A irin wannan wuri ne koypoh da chmeyonen za su sami abin yi. Aji yana iya shuka kalma, amma sai a fagen aiki take yin saiwa.

Saboda haka in aka tambaye ni yaushe za a ce harshen Yurok ya farfaɗo, ba zan duba yawan littattafai ko yawan masu takardar shaida ba. Zan ce ranar da wata uwa a Weitchpec ko Requa za ta leƙa waje ta ga haske ya fara ja baya daga kan duwatsu, ta kira ɗanta ya shigo gida da harshen kakanninta ba tare da ta yi tunanin fassara ba, shi kuma ya gane ba tare da ya duba agogo ba. Sauran duk share fage ne.

Ni dai abin da na ɗauka daga labarinsu na riga na fara aiki da shi a teburina. Yanzu in dattijo ya ce a kira taro da la'asar sakaliya, haka nake rubutawa, kalma da kalma, sa'annan in ƙara lambar agogo a gefe don mai buƙata. Na daina goge maganarsa. Wanda ya bugo ya tambaye ni mece ce sakaliya, ina murna da tambayar, domin ta ba ni damar in ce masa ya fita tsakar gida ya duba inuwa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Yurok sai da suka kusa rasa maraicensu kafin duniya ta san darajarsa, kuma sun sha wuyar gaske wajen karɓo shi daga bakin tsofaffi 'yan ƙalilan.

Allah ya sa mu ga alherin wannan maraice, ya kai mu safiya lafiya.